Ɗana, Kada Ka Daina Haɗiya

Ɗana, idan Allah Ya jarrabe ka da ciwon daji a baki, harshe ko maƙogwaro, likita kuma ya ce za a yi maka gashi da na'ura (radiotherapy), to ka ba ni aron kunnenka. Gashin nan yakan ɗauki mako 6 zuwa 7, kwana 5 a kowane mako. Daga mako na 2 ko na 3 baki zai fara gyambo, yawu ya yi kauri ko ya ƙafe, abinci ya rasa ɗanɗano, ko kurɓar ruwa sai da raɗaɗi. A nan ne zuciya za ta ce ka bar ci har ka warke. Kada ka biye mata.

Tsokoki da yawa ne ke haɗuwa su tura loma ɗaya zuwa ciki, gashi kuwa yana taurara su sannu a hankali, wadda aka daina mora ita ke fara sandarewa. Wani sai bayan watanni muƙamuƙinsa zai ƙi buɗuwa, ko ya riƙa ƙwarewa, abinci na sulalewa huhu har ya jawo masa ciwon huhu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ka fara motsa su tun kafin ranar gashi ta farko. A binciken da asibitin MD Anderson na Amurka ya fitar a 2013, kashi 92 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da ci da atisayen haɗiya sun koma cin abinci yadda suka saba, waɗanda suka bar duka biyun kuwa kashi 65 ne kawai.

Ga abin da za a koya maka. Ka haɗiyi yawu da iya ƙarfinka, harshe na danne da ganɗa. Ka fito da kan harshe tsakanin haƙora, ka riƙe a hankali, ka haɗiya, amma ba da abinci a baki ba. Ka ɗora yatsa a zakaran wuya, idan ya hau sama lokacin haɗiya ka riƙe shi can daƙiƙa 2 ko 3. Ka wangale baki kullum, ka gwada ko yatsu 3 a jere za su shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Yawanci sau 10 ake maimaita kowanne, sau 3 a yini, amma likitanka ne zai zaɓa maka wanda ya dace da jikinka, musamman idan an yi maka tiyata a wuya.

Ko an sa maka robar abinci, ka ci gaba da kurɓar koko ko kunu mai ɗumi-ɗumi, muddin likita ya yarda. Ka sha maganin rage zafi kafin ci, ka guji yaji, tsami da taba. Idan tari na sarƙe ka wajen ci, ko zazzaɓi ya zo, ko rama ta yi yawa, ka garzaya asibiti a ranar. Bayan an gama gashi ma kada ka ajiye atisayen nan. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne.