Tsakanin Tawakkali Da Kasada

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da alayensa da sahabbansa, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda ta sha raba kan uba da ɗa, ta kuma sha hana mai hankali barci. Mas'alar kuwa ita ce: idan mutum yana zaune cikin rufin asiri, a wurin da ya saba, cikin mutanen da suka san shi, ya halatta ya bar wannan duka ya fuskanci abin da bai san ƙarshensa ba? In ya tashi, tawakkali ya yi ko kasada? In kuwa ya zauna, wadar zuci ce ko tsoro?

Hausawa kansu ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. Sun ce zama lafiya ya fi zama ɗan sarki, sun kuma ce zaman wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Kowane ɓangare yana da karin maganar da zai kare kansa da ita. Saboda haka ba a wajen karin magana za mu nemi hukunci ba, sai mu koma ga tarihin wanda aka umurce mu da koyi da shi.

Jama'a masu karatu, ku lura da abu ɗaya. Lokacin da Sayyidina Umar da sahabbai suka zauna don su tsayar wa Musulmi mafarin lissafin shekara, ba su ɗauki shekarar haihuwar Manzon Allah ba, ba su kuma ɗauki shekarar da aka fara saukar da wahayi ba. Sai suka ɗauki shekarar Hijira, watau 622 ta Miladiyya, shekarar da aka bar gida, da dangi, da dukiya, da garin haihuwa. Ashe kenan al'ummar nan tana ƙidaya kwanakinta ne daga shekarar da ta yarda ta rabu da abin da ta saba.

Tun kafin wannan ma, a wajen shekara ta 615, wasu Musulmi sun ƙetare teku zuwa Habasha, ƙasar da ba su jin harshenta, wadda sarkinta Najjashi yake bin addinin Kirista a lokacin. Ba abin da suka riƙa sai shaidar da Annabi ya yi masa cewa sarki ne wanda ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ga kuma Suhaibu, wanda ya zo Makka ba shi da komai ya yi arziki a cikinta. Da Ƙuraishawa suka tare shi a hanya, sai ya nuna musu inda dukiyarsa take, suka sake shi ya isa Madina hannu wofi, aka kuma yi masa bushara da cewa cinikinsa ya yi riba. Abdurrahman ɗan Aufu shi ma haka ya isa. Ɗan'uwansa na Madina, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa sai ya yi masa addu'a, ya roƙe shi ya nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya ƙi inuwar da aka shimfiɗa masa, ya shiga kasuwar da ba ta san shi ba, har ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai.

To, amma kada mai gaggawa ya ji wannan ya ce ai shi ke nan, sai a ɗaura ɗamara a faɗa duhu. Mu dubi yadda Annabi da kansa ya yi tasa Hijirar, alhali kuwa ba wanda ya kai shi dogara ga Allah. Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma biyu yana kiwonsu tun da wuri. An ɗauki ɗan jagora da lada, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗu, wanda ba Musulmi ba ne a lokacin, amma gwanin hanya ne kuma amintacce. Madina tana arewa da Makka, su kuwa sai suka fara nufar kudu, suka ɓuya a kogon Sauru kwana uku har neman ya lafa. Abdullahi ɗan Abubakar yana wuni cikin gari yana sauraron abin da ake ƙullawa, da dare ya kai musu labari. Nana Asma'u ta shirya guzuri. Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki, su sha nono, sawun dabbobin kuma ya shafe sawun mutane. Da suka fito, sai suka bi ta wajen gaɓar teku, suka kauce wa hanyar da ayari ya saba bi. Bayan duk wannan, an bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu da ke hannun Annabi, ko da yake masu ajiyar suna cikin mutanen da suka kore shi.

Wannan tafiya akwai haɗari a cikinta, domin an sa ladan raƙuma 100 ga duk wanda ya kamo su, har masu nema suka tsaya a bakin kogon. Amma ba kasada ba ce. An yi duk abin da hankali zai iya yi, sa'an nan aka bar wa Allah abin da hankali ba ya kaiwa. Wannan shi ne tawakkali. Shi ya sa da wani mutum ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi ya haɗa biyun, ɗauri da dogaro. Haka nan da aka buga misali da tsuntsaye a kan arzikin mai tawakkali, an ambata cewa suna fita da safe da yunwa su komo da yamma a ƙoshe. Malamai suka ce a lura, ba a ce suna kwana su wuni cikin sheƙa ba. Fita suke yi.

Yanzu mu juya ga wanda ya zauna. Babu labarin da ya fi na Ka'abu ɗan Maliku tsoratarwa a nan. A shekara ta 9 bayan Hijira aka yi kiran fita zuwa Tabuka, cikin tsananin zafi, ga nisa, ga dabino ya nuna, inuwa ta yi daɗi. Ka'abu ba munafuki ba ne, mumini ne na gaske wanda ya halarci mubaya'ar Aƙaba. Shi da bakinsa ya ba da labari cewa bai taɓa samun ƙarfi da wadata kamar na wannan lokaci ba, har abin hawa biyu gare shi. Kullum sai ya fita da niyyar shiri, ya komo bai yi komai ba, yana ce wa ransa ai gobe ma rana ce, har runduna ta yi nisa. Da aka dawo ya faɗi gaskiya, bai ƙago uzuri ba, aka ƙaurace masa shi da abokansa biyu kwana 50, kafin Allah Ya saukar da karɓar tubarsu a cikin Suratu Tauba. Abin da ya kayar da wannan bawan Allah ba ƙiyayya ba ce ga gaskiya. Inuwa ce, da gobe.

Sau nawa mu ma muke kiran wannan hali da sunan da ba nasa ba? Magidanci ya kai shekara 40 bai iya karanta Fatiha daidai ba, ga makarantar dare a unguwarsu, amma kunyar zama tare da yara ta hana shi, sai ya ce ai lokaci ya wuce. Saurayi ya gama makaranta ya shekara biyar a dandali yana jiran aikin ofis, ga sana'ar hannu a ƙofar gidansu, amma yana tsoron abin da tsara za su ce, sai ya ce yana jiran rabo. Ma'aikaci ya ga ana cin amanar jama'a a gabansa, ya kame bakinsa don kada kujerarsa ta girgiza, sai ya ce shi ba ya son fitina. Duk waɗannan tsoro ne aka naɗa wa rawanin haƙuri. Wadar zuci ita ce ka gamsu da abin da Allah Ya ba ka bayan ka yi ƙoƙari, ba ka ƙi ƙoƙarin ba.

Kakanninmu ba haka suka yi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Degel, inda yake da makaranta da almajirai da girma, ya yi hijira zuwa Gudu a shekara ta 1804, ba tare da ya san abin da zai biyo baya ba. Fatakenmu sun yi ta kai da kawowa tsakanin Kano da Gwanja da jakuna, tafiyar watanni, amma ba sa tashi sai da madugu, da jagaba, da sanin zango. Alhazan da sun tafi Makka da ƙafa ta Borno da Wadai da Darfur, suna tsayawa su yi noma su tara guzuri su ƙara gaba, har wasu suka kafa zuriya a Sudan. Kai, ko manomin ƙauye da yake yin binne, yana ɗebo iri daga ɗan abin da ya rage a rumbu ya zuba cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, shi ma ya sayar da tabbas ya sayi fata. In ya ce ba zai yi ba sai an ba shi lamunin damina, iyalinsa za su kwana da yunwa baɗi.

Shari'a kanta ta san wannan. A babin ƙiradi, mai dukiya yana ba mai aiki jari su raba riba bisa kason da suka yarda. In an yi asara ba da sakaci ba, mai dukiya ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Ba a yarda mai jari ya ce riba tasa ce amma asara ba ruwansa ba, domin halaccin riba yana tafe ne tare da ɗaukar nauyin asara. Amma wannan shari'ar dai ita ce ta hana cinikin garari, kamar sayar da tsuntsu a sama, ko kifi a ruwa, ko ɗan da ke cikin cikin dabba, ta kuma haramta caca. Bambancin a fili yake. Ɗan kasuwa yana fuskantar haɗari ne a kan hanyar aiki mai amfani, yana kuma iya rage shi da sani da lura. Ɗan caca kuwa haɗarin shi ne hajarsa, kuma ba ya ci sai wani ya yi kuka. Ko an mayar da cacar cikin wayar hannu an kira ta hasashen wasan ƙwallo, hukuncinta bai sake ba.

Akwai kuma kasadar da ta fi ta dukiya muni, watau kasada da rai. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Talauci ne ya fitar da su, muna roƙon Allah Ya jiƙansu, alhakinsu kuwa yana wuyan waɗanda suka yi safararsu da waɗanda suka bar su cikin yunwa. Amma wajibi ne mu gaya wa mai shirin bin irin wannan hanya cewa Alkur'ani, a cikin Suratul Baƙara, ya hana mutum jefa kansa cikin halaka. Sayyidina Umar ma da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, sai ya yi shawara ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, kamar makiyayin da ya zaɓi kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Ba wanda zai ce Umar matsoraci ne.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kafin ka ɗaga ƙafa ka yi wa kanka tambaya huɗu. Ta farko, abin da za ka nema halal ne, kuma ya kai a wahala dominsa? Ta biyu, ka nemi sani a kansa, ka shawarci waɗanda suka riga ka bin hanyar, ko kuwa labarin dandali ka ji? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ta uku, in abin ya faɗi, a kan wa zai faɗi? In kanka ne kaɗai, kuma za ka iya tashi, to, da sauƙi. In kuwa kuɗin marayu ne, ko abincin iyali, ko amanar wani, ba ka da ikon yin jarunta da abin da ba naka ba. Ta huɗu, wa ka bari a baya? Annabi ya mayar da wani mutum da ya zo neman izinin fita jihadi, ya ce ya koma ya yi ƙoƙarinsa wajen hidimar iyayensa. Mai ci-rani da ya bar mata da 'ya'ya ba hatsi ba aike, shekara da shekaru, ba muhajiri ba ne, mai gudun nauyi ne.

Ku kuma iyaye, ku ji tsoron Allah game da 'ya'yanku. In yaro ya zo da niyya ta gari da shiri mai ma'ana, zai tafi neman ilmi ko sana'a, kada son ganinsa kullum a ƙofar gida ya sa ku karya masa gwiwa. Ku bincika, ku yi masa nasiha, ku sa masa albarka.

In an amsa tambayoyin nan, sai a yi sallar istihara raka'a biyu, a roƙi zaɓin Allah, sa'an nan a tashi ba waiwaye. Ba a yi wa kowa alkawarin cewa zai ci riba ba. Sahabbai da yawa sun yi hijira sun rasu ba su ga buɗin da ya zo daga baya ba, kamar Mus'abu ɗan Umairu, ɗan gatan Makka, wanda aka rasa mayafin da zai rufe shi duka ranar Uhudu. Abin da aka lamunce shi ne ladan wanda ya fita don Allah ba ya tozarta. Mumini in ya samu ya gode, in ya rasa ya yi haƙuri, duka biyu alheri ne a gare shi. Wanda ya zauna don tsoro kuwa, ya tsira daga faɗuwa, amma zai tsufa da tambayar da ba mai amsa masa.

Allah Ya ba mu zuciyar tashi inda tashi ya wajaba, da hankalin tsayawa inda tsayawa ta fi, Ya kuma nuna mana bambancinsu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.