Mota Ya Saya Ko Gaisuwa?

Wani abokina ya sayar da albasarsa a kasuwar Aliero, ya sayo tsohuwar Marsandi 'yar Kwatano. Ranar da ya shigo Jega da ita, har waɗanda ba su kula shi a da suka rusuna. Bayan wata biyu injinta ya buga a hanyar Maiyama, gyara ya cinye kuɗin taki.

To, laifin wa? Bajamushe ya ƙera ta da ƙarko, amma tsohon ƙarfe sai da aljihu mai nauyi. Abokina ya san haka. Mu muka tura shi, mu masu auna mutum da abin hawansa. Duk wanda ya rusuna wa mota, da hannunsa a bashin mai ita.

Allah Ya ba mu wadatar zuci.