Shirun Mai Ba da Magani: Tambayar Lamuni a Asibitocin Sakkwato

Takardar magani, wato rubutun da likita ke yi bayan ya duba majiyyaci yana ambaton sunan magani da yawan da za a sha da tsawon kwanakin sha, takan bi ta hannu biyu kafin ƙwaya ta kai bakin mai ciwo: hannun wanda ya rubuta, da hannun masanin harhaɗa magunguna da ke zaune a tagar famasi. Haka tsarin yake a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, kuma daga wannan tsari ne wata tambaya ta fiƙihu ke tasowa, wadda ba kasafai ake yin ta a fili ba: idan rubutun ya zo da kuskure, mai famasi ya miƙa magani kamar yadda aka rubuta, cuta ta auku, shin biyayyarsa ga takarda ta wanke shi, ko kuwa yana da kaso a cikin alhakin?

Ba za a fahimci tambayar ba sai an san abin da ake nufi da bitar takarda da mai famasi ke yi, domin aikin ya wuce karanta gurɓataccen rubutu. Maganin zazzaɓin sauro na artemether-lumefantrine, alal misali, da nauyin jiki ake ba da shi: yaron da ke tsakanin kilo 5 da 14 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane karo, wanda ya kai kilo 35 kuwa ƙwaya huɗu, saboda haka takardar yaro da ba ta ɗauke da nauyinsa takarda ce da ba ta cika ba, ko da kowane harafi nata ya fito sarai. Allurar gentamicin tana iya taɓa ƙoda da ji, haɗarin kuma yana ƙaruwa idan an haɗa ta da furosemide. Lisinopril na hawan jini yana cutar da ɗan tayi. Diclofenac, wanda ake sha kamar gyaɗa saboda ciwon jiki, yana wahalar da ƙodar mutumin da ruwan jikinsa ya yi ƙasa, lamarin da ba baƙo ba ne a bazarar Sakkwato. Ɗigo guda da ya ɓace tsakanin 0.5 da 5 yana ninka awon magani sau goma. Wanda aka horar yana ganin waɗannan cikin daƙiƙu kaɗan, wanda ba a horar ba kuwa sunan magani kawai yake gani, ya juya ya ɗauko daga kanta.

Malaman fiƙihu sun raba masu jawo ɓarna gida biyu: mubashiri, wato wanda ɓarnar ta auku da hannunsa kai tsaye, da mutasabbibi, wato wanda ya zama sanadinta daga nesa, kuma ƙa'idar da ta shahara ita ce idan suka haɗu ana ɗora lamuni, wato wajabcin biyan abin da aka ɓata, a kan na farko. Wannan rabo ba ya zama daidai a kan tagar famasi, domin likita ne ya yanke shawara amma bai taɓa maganin ba, mai famasi ya taɓa amma ba shi ya zaɓa ba, majiyyaci kuma shi ya haɗiya da hannunsa bisa amincewa da su biyun. Ibn Rushd na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198 kuma shi kansa likita ne, ya tattauna lamunin likitan da ya yi kuskure a cikin Bidayatul Mujtahid, ya bambanta ƙwararren da ya kuskure da wanda ya kutsa cikin sana'ar ba tare da saninta ba, amma maganarsa a kan mai yin magani ce, ba a kan wanda ya ga kuskuren wani ya yi shiru ba.

Amsar da ta fi kusa tana cikin wani wuri da ba a zata ba. A babin yanka na Muhtasar na Shaihu Halil, littafin da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan Sakkwato, an hukunta cewa wanda ya wuce dabbar farauta da aka raunata alhali yana iya yanka ta, ya bar ta ta mutu mushe, zai biya mai ita, an kuma haɗa da wannan wanda ya ƙi kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka yana da iko. Ma'anar ita ce a mazhabar Malikiyya barin aiki ga mai iko yana iya ɗaukar hukuncin aikatawa. Idan mai wucewa, wanda babu wanda ya ɗora masa aikin, yana ɗaukar lamuni saboda ya kau da kai, to wanda aka naɗa a taga, ake biyansa albashi domin ya duba, ya fi shi cancantar hukuncin nesa ba kusa ba.

Daga nan wata matsala mai wuya ke fitowa, domin sharaɗin lamunin shi ne iko, iko kuwa a wannan sana'a ilimi ne. Horarwa ke nan tana ƙara wa mutum nauyi: kafin a koya masa haɗarin gentamicin yana da uzurin jahilci, bayan an koya masa uzurin ya faɗi. Wani zai iya cewa ashe rashin sani ya fi sauƙi a lahira. Wannan wayo ba ya tsayawa, saboda ilimin magunguna farali kifaya ne, wato wajibin da idan wasu suka ɗauka ya sauka daga kan saura, amma yakan koma farali aini, wajibin kai da kai, a kan wanda ya karɓi kujerar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta risaloli a kan filasko da basur da ciwon ƙoda duk da nauyin daula da ke kansa, abin da ke nuna cewa magabatan wannan birni sun ɗauki sanin magani a matsayin aikin addini. Dokar zamani ta bi wannan hanya ta fuskarta: a 2016 aka amince da digirin PharmD na shekara shida a jami'o'in Najeriya, wanda ya fi karkata ga kula da majiyyaci, a 2022 kuma aka sabunta dokar hukumar da ke kula da sana'ar.

Sai dai ilimi ba shi kaɗai ke hana magana ko ya sa ta ba. A al'ummar da ke ɗaukar kunya da girmama na gaba a matsayin ado, ƙaramin ma'aikaci yakan ji nauyin mayar wa babban likita takardarsa, ga kuma tsohuwar takun-saƙa tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya a Najeriya, wadda ke sa a fassara tambaya da neman raini. Malamai sun riga sun bambanta kunyar da ake yabo da wadda ke hana faɗin gaskiya, ta biyun rauni suka kira ta. Amma nasiha tana da iyaka da ladabi: mai famasi ba ya goge rubutun likita ya sa nasa, domin bai duba majiyyaci ba kuma wataƙila likitan yana da dalilin da ba ya cikin takarda, ba ya kuma kushe likita a gaban mai jinya. Abin da ke kansa shi ne ya dakatar da bayarwa, ya tuntuɓi wanda ya rubuta, ya faɗi abin da ya gani da hujjarsa, sannan ya rubuta yadda aka ƙare. Horon da ya koyar da awo da haɗuwar magunguna amma ya bar wannan zance na minti biyu, bai kammala ba.

Akwai kuma kason da bai kamata a jibga wa mutum ɗaya ba. Tun da iko shi ne sharaɗi, ma'aikacin da aka bar shi kaɗai da dogon layi, babu littafin duba awo, babu nauyin yaro a takarda, babu sakamakon gwajin ƙoda, babu lambar da zai sami likita, ikonsa ya ragu, lamuninsa ma ya ragu gwargwadon haka, ragowar kuma ta koma kan shugabannin asibitin da suka tsara aikin a wannan siffa, domin su ne ke da ikon ƙara ma'aikata da wajabta rubuta nauyi da shekaru a kowace takardar yaro.