Shekarar wa muke ƙirgawa?

A Hausa, kalmar "wata" ɗaya ce ga abin da ke haskaka dare da kuma kwanakin da muke ƙirgawa. Kakanninmu sama suke dubawa kafin su ce lokaci ya yi. Yau kuwa ɗalibi a Yamai ko Damagaram shekaru biyu yake ɗauke da su a kai: ta wata, mai kwana 354 ko 355, da ta gwamnati, mai kwana 365.

Mai bin shekarar addini, a wurinsa watanni ba su yi daidai da juna ba. Ku saurari sunayen da tsofaffinmu suka ba su: watan cika-ciki, watan azumin tsofaffi, watan azumi, watan layya. Kowane suna aiki yake faɗa maka. Kuma da yake shekarar wata tana gaza ta rana da kwana 10 ko 11, azumi yawo yake yi. A 2021 cikin zafin Afrilu muka fara shi; nan gaba zai faɗo cikin sanyin hunturu, daga baya ya iske manomi duƙe a gona. Cikin shekara kamar 33 ya zagaye duk yanayi, ba tsarar da ke cin sauƙin ita kaɗai. Kirista ma haka: Kirsimeti na nan daram ranar 25 ga Disamba, amma Ista motsawa take.

Wanda addini bai tsara masa kwanakinsa ba fa? A nan ma harshe na da magana: Hausa ba ta da kalma guda da za a kira shi da ita, shi ya sa bakinmu ke saurin kai wa ga "kafiri". Alhali sau da yawa mutum ne kawai wanda shekararsa ke farawa da komawa lakkwal a Oktoba, ta bi ta ƙarshen wata da jarrabawa, ta ƙare a hutun damina. Shi ma yana da ranakunsa: 3 ga Agusta, ranar ƴancin 1960 da dashen itatuwa, da 18 ga Disamba. Tasa shekarar gaba take tafiya, tana tambayarsa me ya cim ma. Ta mai addini dawowa take, tana tambayarsa me ya gyara tun bara.

To wa ya fi? Ni dai ina ganin kowace tana iya zama fanko. Akwai mai sallar da ba ta bar masa komai ba sai bashin rago da na ɗinki. Akwai kuma wanda ranar 31 ga Disamba ta zo ta wuce bai tuna da kowa ba sai kansa. Amfanin rana ta musamman shi ne ta tsayar da kai, ta sa ka waiwayi wani: zakkar kono ga mai yunwa, naman layya ga maƙwabci ko da coci yake zuwa, itacen da wani zai sha inuwarsa.

Saboda haka ƴan'uwa, kafin mu ce shekarar wane ba ta da albarka, ko ta wane ta tsufa, mu duba tamu. Bana, sau nawa kalandarka ta tsayar da kai saboda wani?