Wa muke rufa wa asiri?

Shekara biyu na yi ina yi wa Inna ƙarya saboda yayana. In ya shigo ƙarfe biyun dare yana tangaɗi, ni ke buɗe masa ƙofa, in kwantar da shi, da safe in ce zazzaɓi ne. Gidanmu yana Kirkissoye, inda kowa ya san kowa, shi ya sa ba ya sha a unguwa. Sai ya tsallake gadar Kennedy ya ɓace cikin gari. Ni kuwa gani nake aikin lada nake yi. Ai an ce a rufa wa ɗan'uwa asiri.

Ran da na same shi da asuba hannunsa na rawa, ya kasa riƙe kofin ruwa, sai na tambayi kaina: shi nake rufa wa asiri, ko giyar?

A sashen nazarin harsuna an koya mana sunayen da ke farawa da ma-: manomi, maƙeri, maɗinki. Siga ce da ke kiran mutum da sana'arsa. To dubi "mashayi". Da kalma guda mun mai da ciwo sana'a, mun shafe sauran mutumin. Wa zai fito neman magani alhali ya san sunan da ke jiransa a bakin ƙofa? Sai a yi shiru, a kira shirun kunya.

Neman taimakon ma wahala ne, don ba allo, ba sanarwa a rediyo. Wani ma'aikacin jinya ne, bayan ya duba Yaya, ya ja ni gefe. Ya ce kada ya yanke giya dare ɗaya shi kaɗai, don wanda jikinsa ya saba ƙwarai yana iya kamuwa da farfaɗiya, har rai ya salwanta. Sai da kulawar likita. Sannan ya kwatanta mini wani gida inda waɗansu maza ke haɗuwa kowane daren Alhamis. Sati uku Yaya yana cewa gobe.

Da muka je, na ɗauka fada ce irin tamu: tabarma, gawayi, butar shayi. Mutum bakwai ne. Wani na magana da Zabarmanci, wani da Hausa, wani ya gauraya da Faransanci. Wani dattijo ya ce da ni, "Ɗana, yau ka zauna tun da kai ka kawo shi. Amma abin da ka ji a nan, a nan za ka bar shi." Don haka ba zan ba ku labarin kowa ba. Abin da zan iya faɗi shi ne ba wanda ya yi wa'azi, ba wanda ya katse wani. Yaya bai ce uffan ba. A hanyar gida ne ya ce, "Kai, ashe ba ni kaɗai ba ne."

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1935, a garin Akron na Amurka, mutum biyu da giya ta ci ƙarfinsu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gano cewa magana da wanda ya san ciwon tana taimaka musu su ƙaurace wa kwalba. Daga nan ƙungiyar Alcooliques Anonymes ta samo asali, inda ba a faɗin cikakken suna. Su ma, kenan, a kan rufin asiri suka yi gini.

Wani aboki ya ƙalubalance ni: malamai sun hana mutum ya bayyana laifin da Allah ya rufa masa. Haka ne, kuma ban raina maganar ba. Amma wanda ya zauna a fada yana alfahari da kwalaben jiya daban, wanda ya kwance rauninsa don a wanke daban. Na farko ya tona asirinsa. Na biyu ajiya ya bayar, hannun mutanen da su ma suka ba shi tasu. Tsoron da ya rage shi ne amana na iya karyewa, kuma Yamai ba ta da girma a bakin mutane. Wannan haɗari ne na gaske. Sai dai na auna shi da hannun nan mai rawa, na ga wanda ya fi nauyi.

Ba zan ce Yaya ya warke ba. Ya koma sha sau ɗaya bayan wata huɗu, ya kuma koma tabarmar a Alhamis ɗin da ta biyo, ba wanda ya kore shi. Inna ta sani yanzu, shi ya gaya mata da bakinsa. Ta yi kuka, sannan ta juyo ta ce da ni, "Kai kuma, shekara biyu?" Har yau ban sami amsar da zan ba ta ba.

Ƴan'uwa ɗalibai, in akwai wanda kuke buɗe wa ƙofa cikin dare, kada ku kai sunansa fada. Ku raka shi asibiti, ku tambayi ma'aikatan a keɓe ko sun san inda masu irin ciwonsa ke haɗuwa.