Haƙƙin Wanda Bai Zo Ba

Akwai wata tambaya da na daɗe ina juya ta a raina, yau kuwa ina so in ajiye ta a gaban 'yan'uwana masu karatun wannan mujalla, ko Allah ya sa wani ya riga ni gano bakin zarenta. Tambayar ita ce: idan mutane suka taru za su yanke shawara, shin ya halatta su ɗora nauyin shawarar a kan wanda ba ya wurin, alhali kuwa abin da ya hana shi zuwa shi ne lokacinsa bai yi ba tukuna? Na san wani zai ce wannan ba ta buƙatar dogon bayani, zalunci ne tsagwaronsa. Ni ma da haka na ɗauka, har sai da na bi labarin direbobin manyan motocin dakon kaya na ƙasar Amurka, na ga yadda mutanen da suka san zafin aiki suka yi wannan abu da hannunsu.

Waɗannan direbobi suna da wata babbar ƙungiyar ƙwadago da ake kira Teamsters. A shekarar 1964 shugabanta na lokacin, watau Jimmy Hoffa, ya cim ma burin da ya daɗe yana nema: ya sa kamfanonin dakon kaya suka sa hannu a kan yarjejeniya guda ɗaya wadda ta game ƙasar baki ɗaya, ta ƙunshi ma'aikata wajen 400,000. Hikimar abin a fili take. In albashin direba ya zama kusan ɗaya a ko'ina, to mai kamfani ba shi da damar ya ce wa direbansa, ga wani can zai yi mini aikin nan a kan rabin kuɗinka.

Sai aka zo shekarar 1980, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta sassauta ƙa'idojin sana'ar. Da gwamnati ke da ta cewa a kan wanda zai shiga harkar da kuma kuɗin dako. Yanzu aka buɗe ƙofa. Sababbin kamfanoni waɗanda ba ruwansu da ƙungiya suka cika hanya, suna karya farashi. Tsofaffin kamfanoni suka riƙa durƙushewa, dubban direbobi suka koma gida zaman jiran tsammani.

A nan ne nake so mai karatu ya lura da abubuwa biyu da suka faru kusa da juna. A 1983 shugabannin ƙungiyar suka kawo shawara cewa a dawo da waɗanda aka sallama bakin aiki, amma a kan albashin da bai kai na sauran ba. Direbobi suka yi watsi da ita da gagarumin rinjaye. Shekara biyu bayan haka, a 1985, aka kawo wata yarjejeniya wadda ta ce duk wanda za a ɗauka sabo zai fara da kashi 70 cikin 100 na cikakken albashi, sai bayan shekara uku zai kamo na gaba da shi. Wannan kam ta wuce. To, me ya bambanta su? A ganina, na farkon mutane ne masu suna da fuska, an ci abinci tare da su a bakin hanya, an san 'ya'yansu. Na biyun kuwa ba wanda ya taɓa ganinsu. Wasunsu ma suna makaranta a ranar da aka jefa ƙuri'ar.

Kada a ce na tsaya a gefe ɗaya, bari in kawo hujjojin masu goyon bayan wannan tsari, don ba hujjojin banza ba ne.

Suna cewa ai ko a wurinmu ba a haɗa direba da yaron mota. Gaskiya ne. Yaro yakan yi shekaru yana wanke mota, yana ɗaure tamfol, yana sa waigi a bayan taya in an tsaya a hawa, kafin maigidansa ya yarda ya miƙa masa sitiyari ko da a fili ne. Ba wanda ya taɓa kiran wannan zalunci, muddin dai ana koya masa, kuma ya san ranar yaye tana zuwa. Amma a duba da kyau: ana rage wa yaron mota ne saboda abin da bai iya ba tukuna. Shi kuwa wanda littafin kamfani ya kira sabo, mai yiwuwa ne ya yi shekara 20 yana tuƙi a wani kamfani da ya rushe. Lodinsa ɗaya da na abokin aikinsa, hanyarsu ɗaya, barcin da suke yaƙi da shi da asuba ɗaya, haɗarin da ke jiransu a kwana ɗaya. Abin da ya raba su kawai ranar da aka rubuta sunan kowannensu. Ban san wata ma'ana ta adalci da za ta auna ladan mutum da kwanan wata ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce kuma ta fi ba ni wuya. Suna cewa da babu gara ba daɗi: in ba a rage wani wuri ba kamfani zai mutu, tsoho da sabo duk su rasa. Wannan tsoro ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Kamfanin Yellow, wanda ya kusa shekara 100 yana dakon kaya, ya rufe a watan Yuli na 2023, mutane wajen 30,000 suka wayi gari ba aiki. Sai dai labarin Yellow ɗin yana da wani darasi. Tun a 2009 ma'aikatansa suka yarda a yanke musu albashi, har ragin ya kai kashi 15 cikin 100, don a ceci kamfanin. Ko an ce sadaukarwar ba ta hana mutuwarsa daga baya ba, aƙalla waɗanda suka jefa ƙuri'ar su ne suka ji zafin ragin a aljihunsu. Wannan shi nake kira sadaukarwa. In kuwa na ce na yarda a yi ragi, amma a yi shi a aljihun wani, to ban sadaukar da kome ba, kyauta na yi da kayan mutane. Malamanmu na fiƙihu sun hana mutum ya sayar da abin da bai mallaka ba. Na san mai gardama zai ce albashin da ba a fara biya ba ai ba dukiyar kowa ba ce. Na yarda. Amma ƙungiya wakiliya ce, da sunan duk mai riƙe sitiyari a kamfanin take magana, har da wanda zai zo gobe, tun da yarjejeniyar za ta hau kansa kuma zai biya kuɗin ƙungiya. Wakilin da ya saya wa wani sashe na mutanensa sauƙi da wahalar wani sashe, me za mu kira shi?

Akwai kuma masu cewa ai ba a tilasta wa sabon ba, ya ga albashin ya karɓa. Wannan ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Mai iyali da ya yi wata shida a gida zai sa hannu a kan kusan kome.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda tsarin yake juyowa ya ciji waɗanda suka yi shi. Mai kamfani ɗan kasuwa ne. In yana da direba mai tsada da mai araha, kowa ya san wanda zai fi so ya ba aiki, da wanda zai ƙosa ya ga ya yi ritaya. Sa'an nan shekaru suna tafiya, tsofaffi suna raguwa, sababbi suna yawa, har ranar da za a zo jefa ƙuri'a a kan fanshon tsofaffin, a tarar masu rinjaye su ne waɗanda aka yi wa rowa jiya. Da wane baki za a ce musu su shiga yajin aiki don kare haƙƙin dattawa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga shi kuwa masu gidan ne suka tsaga shi.

An ga irin wannan a kamfanin UPS mai rarraba kaya. Yarjejeniyar 2018 ta ƙirƙiro wani rukunin direbobi da aka riƙa kira 22.4, watau lambar sashen da ya kafa su. Mota iri ɗaya suke ja da sauran, amma ƙarshen albashinsu bai kai na sauran ba, ba kuma tsani ne da za a ce bayan shekara kaza kowa ya haye ba. A nan dole in yi wa talakawan ƙungiyar adalci: kashi 54 cikin 100 na masu ƙuri'a sun ƙi. Amma da yake waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai rabin 'yan ƙungiya ba, akwai wata ƙa'ida da ta ce sai kashi biyu cikin uku sun ƙi kafin yarjejeniya ta faɗi. Da ita shugabanni suka fake suka zartar. Shugaban ƙungiyar a lokacin kuwa James Hoffa ne, ɗan wancan da ya haɗa kan direbobi a 1964. Fushin da ya biyo baya ya sa aka soke ƙa'idar a 2021, aka zaɓi sabon shugaba, Sean O'Brien, a 2023 kuma, da kamfanin ya ga ma'aikata wajen 340,000 sun shirya ajiye aiki, ya yarda aka soke rukunin, aka mai da su cikakkun direbobi. Watau dai abin da aka ce ba makawa sai an yi shi, ya zamana akwai makawa.

Ban manta ba cewa ba direba ne ya fara kawo wannan shawara teburi ba. Mai kamfani ne, shi ne kuma ya fi kowa cin ribarta, don haka kaso mafi girma na laifin nasa ne. Mutumin da aka ce masa ya zaɓa tsakanin kuɗin makarantar 'yarsa da albashin wani baƙo da bai taɓa gani ba, ba na jin ina da bakin zaginsa. Amma uzuri daban, halacci daban.

Dalilin da ya sa ba ni da bakin zagin kuwa shi ne wannan. Bara aka yi mana ƙarin kuɗin makaranta, muka yi ca, wakilanmu suka shiga aka yi ta zama. Da suka fito sai suka ce an daidaita: mu tsofaffin ɗalibai an rage mana, cikakken ƙarin zai hau kan masu shigowa ne kawai. Muka yi tafi, har da ni, na tafi ɗaki na yi barcina. Sai da aka dawo hutu na tarar da wani yaro ɗan garinmu a bakin ofishin rajista, riƙe da takardar shigarsa, yana ta lissafi da biro a bayan ambulan. Ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, ashe kuɗin ya kai haka?" Na ce masa e, haka aka yanke. Bai tambaye ni su wa suka yanke ba, ni kuma ban gaya masa ba.