Sa wa Allah rana

Ni ɗan Bawdeta ne, ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne tabkin damina. Duk da haka akwai wani hafsan sojan ruwan Amurka da ke faɗo mini a rai duk lokacin binne, sa'ad da muke zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba.

Sunansa James Stockdale, matuƙin jirgin yaƙi irin mai tashi daga kan jirgin ruwa. Ran 9 ga Satumba 1965 aka harbo shi a Biyetnam ta Arewa, ya diro da laima, ƙafarsa ta karye. Ya fi shekara bakwai a kurkukun Hanoi, huɗu daga ciki shi kaɗai a ɗaki, sai 1973 aka sake shi. Daga baya ya kai admiral mai tauraro uku. Ban wanke shi ba, bama-bamai ya je zubawa a ƙasar manoma irinmu. Wata maganarsa ce ta kama ni. An tambaye shi su wa suka kasa fitowa da rai, ya ce masu sa rana ne: za a sake mu kafin Kirsimeti, ta wuce, su koma Ista, har zuciya ta gaji. Shi bai taɓa shakkar fita ba, amma bai ce yaushe ba. A wurin Efiktitus ya koyi haka, wani gurgun bawa na daular Rum da ya raba abin da ke hannun mutum da wanda ba ya hannunsa.

Malamanmu sun ce a kyautata wa Allah zato. To mai cewa kafin Juma'a sauƙi zai zo, zato ya kyautata, ko wa'adi ya yanka wa Ubangiji?

A 2005, bayan fari da fara sun cinye jihar Maraɗi, rumbunmu ya ƙare tun rani. Wani maƙwabcinmu kullum yana bakin hanyar Tasawa yana jiran motar taimako, gonarsa na cika da ciyawa. Kawuna kuwa ya sa mata su jiƙa anza kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, ya auna sauran hatsi da tiya, ya ɗaure na iri a saman ɗaki. Na ce, "Kawu, yaushe za ta wuce?" Ya ce, "Ɗan nan, ni aka ba littafin? Ɗauko hauya."

Na daɗe ina ganin Kawu ne mai tawakkali. Amma binnen nan da shi ya koya mini, ai shi ma sa rana ne; in ruwa ya yi jinkiri, ɓera da zafi su cinye irin. Abin da na lura kawai, bai taɓa binne irinsa duka ba.

Stockdale ya mutu a Yulin 2005 ɗin, muna tsakiyar cin anza.